Hutun Bazara a Kan Ruwa: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Shiga Kwale-kwale da Fatsa

'Yan uwa ɗalibai, an kusa ajiye biro. Hostal ya koma kamar tanda, fanka ma in an samu wuta iska mai zafi take hurowa, kowa kuma ya fara lissafin yadda zai ci hutunsa. Wani shagon yayansa zai koma, wani gona, wani kuwa barci da danna waya har a dawo. A bara war haka wani abokin karatuna ɗan wajen Bebeji ya ce in zo mu je Tiga kamun kifi. Na ce masa to, don a zatona abin bai wuce a jefa ƙugiya a jira rabo ba.

Mun shiga kwale-kwalen wani dattijo masunci tun kafin rana ta fito. Ruwa ɗaya, tana ɗaya, jirgi ɗaya, amma kafin hantsi shi ya cika rabin daro, ni kuwa 'yan karfasa biyu na tsira da su. Da na ce, "Baba, yau kai ke da sa'a," sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai ruwa kake kallo, ni kuwa abin da ke ƙarƙashinsa nake kallo." Daga ranar na gane cewa su a tafki karatu ne. Kuma sanin da zai ba ka kifi, shi ne dai zai dawo da kai gaɓa da ranka. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna kafin a watse.

Ruwan dam ba kududdufin unguwa ba ne

Yawancin manyan tafkunan da muke da su a Arewa, in ka cire Tafkin Chadi, mutum ne ya tare kogi suka samu. Dam ɗin Tiga an gina shi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Idan ya cika, ruwansa yana mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Na Kainji da aka kammala a 1968 a kan Kogin Neja ya ninka wannan sau da yawa, don ya haura murabba'in kilomita 1,200. Ga Challawa a Ƙaraye, ga Dadin Kowa a Gombe, ga Zobe a Dutsin-ma, ga Goronyo da Bakolori.

Me ya sa wannan tarihin ya shafi mai fatsa? Saboda kafin ruwa ya zo, wurin nan daji ne da gonaki da ƙauyuka. A Kainji, tsohon garin Bussa kansa yana ƙarƙashin ruwa, shi ya sa aka gina Sabon Bussa. Ke nan ƙasan tafkin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar faranti. Akwai tsohuwar hanyar kogi mai zurfi, akwai tuddai, akwai duwatsu, akwai kututturan bishiyoyin da ba a sare ba. Kifi ya san waɗannan wurare, tsohon masunci ma ya san su. Kai baƙo ne kawai ba ka sani ba.

Da bazara kuma ruwan yana ja da baya. Rana tana shanye wani, ana sakin wani don noman rani, kamar yadda Tiga ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Sai kifi ya taru a wuri kaɗan, wanda alheri ne ga mai su. Amma kututturen da ke nutse da damina yanzu ya matso kusa da saman ruwa, yana jiran cikin jirgi.

Abin da zafi yake yi wa ruwa

'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji sun san wannan, sauranmu sai mu saurara. Kifi da iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa yake numfashi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta kamar mai sanyi. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, lita ɗaya ta ruwa tana iya riƙe kusan miligiram 9. Idan zafin ya kai digiri 30, sai ya sauko zuwa wajen 7 da rabi. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Ruwa na ɗumi, jikinsa na ƙara aiki, buƙatarsa ta iska na ƙaruwa, alhali iskar raguwa take yi.

To sai ka ce ai shi ke nan, kifi zai gudu can ƙasa inda ke da sanyi, bari in saki zare har ya taɓa ƙasa. A nan da yawa suke kuskure. A dam mai zurfi, da bazara ruwa yakan kasu hawa-hawa. Na sama ya yi ɗumi ya yi sauƙi, na ƙasa ya fi sanyi ya fi nauyi, sai su daina cakuɗuwa. Na ƙasan ba ya haɗuwa da iskar sama, hasken rana bai isa gare shi ba, ga ganyaye da sauran tarkace suna ruɓewa suna cinye 'yar oksijin da ta rage. Sai ka tarar can ƙasan akwai sanyi amma babu numfashi. Don haka kifi yakan tsaya a tsakani: ya sauka ya bar zafin sama, bai kai inda iska ta ƙare ba. Wurin da ƙasa ta gangara kwatsam daga tudu zuwa zurfi, bakin tsohuwar hanyar kogi, inuwar duwatsu, gindin kututture, nan ne majalisarsa da rana.

Shi ya sa dattijon nan kafin ya jefa ƙugiya sai ya zura gwangwala, ko ya saki zare da ɗan dutse ya auna zurfi. Idan minti ashirin ta wuce ba a taɓa ba, ba ya tashi nan take ya canza wuri. Zurfin yake fara canzawa, ya ɗaga abincin sama kaɗan ko ya saukar da shi. Sau da yawa kifin yana nan, hawan da yake ne ka kuskure.

Lokaci kuwa biyu ne: daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A lokutan nan haske bai yi ƙarfi ba, ƙananan kifaye suna fitowa kiwo a gefe-gefe, manya suna biyo su. Daga sha ɗaya zuwa uku na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kai za ka gasu, kifi kuwa yana hutawa.

Kowane kifi da halinsa

Karfasa ita ce abokiyar ɗan koyo. Tana son ruwa marar zurfi, kusa da ciyawa da duwatsu, kuma garke-garke take yawo, in ka samu ɗaya akwai saura. Bakinta ƙarami ne, don haka ƙaramar ƙugiya da guntun tana sun isa. Wasu sukan watsa ɗan dusa a wurin tukuna don ta taru. Tana da wayo, sai ta yi ta tsattsagar abincin ba ta haɗiya ba. Kada ka fizga da motsin farko, bari abin da ke yawo a saman ruwan ya nutse sosai.

Tarwaɗa kuwa 'yar ƙasa ce. Da gashin bakinta take laluben abinci, wari take bi fiye da gani, shi ya sa kayan cikin kaza, tana mai kauri, ko yankan kifi suke jawo ta. Akwai masuntan da har guntun sabulu suke sa mata. Tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, don haka ruwan da ya gagari wasu kifaye ita bai dame ta ba. Idan ka ga wani abu ya ɓullo ya haɗiyi iska ya koma a wuri mai laka, wataƙila ita ce. Ta fi ci da duku-duku da kuma dab da magariba.

Kurungu da ragon ruwa su ma a ƙasa suke kiwo. A kula da ƙayar kurungu: yana da ita a baya da gefe biyu, kuma in ya miƙe ta sai ta kafe. Wanda ya damƙe shi da gaggawa zai yi kwanaki yana jinyar hannu.

Giwan ruwa shi ne burin kowa. Mafarauci ne, kifi yake ci, kuma babbansa yana iya haura kilo 100. Irinsa ne aka saba cin gasar Argungu da shi. Yana laɓewa a gindin duwatsu da bakin zurfi, ana kama shi da ƙaramin kifi mai rai da zare mai ƙarfi. Amma gaskiya ɗaya ce, wanda ya je hutun kwana biyu ya sa rai da karfasa da tarwaɗa, in giwa ta zo ƙari ne. A ruwan Kainji akwai tsage mai haƙora kamar zarto, wanda ke yanke zare in ba a sa 'yar waya kusa da ƙugiya ba. Akwai kuma minjirya, wadda ba a taɓa ta da hannu sai in mutum yana son ya tuna darasin lantarki.

Kaya da zaman jirgi

Ba sai ka sayi sandar nan mai juyawa da muke gani a bidiyon Turawa ba. Sanda ta gora ko gwangwala, zaren roba, ƙugiyoyi manya da ƙanana, 'yar dalma, da guntun soson silifas da zai yi yawo a sama, sun wadatar. Ka haƙo tana tun daren jiya, ka ajiye ta cikin gwangwani da damshin ƙasa, kada rana ta taɓa ta. Sai malafa, riga mai dogon hannu, ruwan sha mai yawa, da leda mai kauri da za ka ƙulle waya a ciki. Hasken rana a kan ruwa biyu ne, na sama da wanda ruwan ke dawo maka da shi. Idan kai ya fara sarawa ko jiri ya fara ɗibarka, wannan ba ragwanci ba ne, jiki ne ke cewa a koma inuwa.

Shi kwale-kwale da nauyin mutanen ciki yake daidaita. Ka shiga a sunkuye, ka taka tsakiya, ka zauna inda mai jirgi ya nuna maka, kada ka tashi sai ya ce. In kifi ya kama a gefe ɗaya, kada kowa ya karkato ya ga abin da aka samu. Miƙewa tsaye don ɗaukar hoto kuwa, wallahi ya jefa mutane da yawa a ruwa. Hoton zai yi kyau a zaune ma. Sannan a rage hayaniya. Sauti yana gudu a ruwa fiye da ninki huɗu na yadda yake gudu a iska, buga ƙafa ko yar da gwangwani a cikin jirgi kamar buga ganga ne a kunnen kifi.

Kafin a tashi, duba jirgin da idonka. Yana yoyo? Akwai abin kwashe ruwa? Akwai filafili na biyu? Mutum nawa ya saba ɗauka? Ku daidaita kuɗi da lokacin dawowa tun a gaɓa, kuma ka gaya wa wani a gida inda za ka da sa'ar da za a sa ranka.

Hadarin gabas

Ga inda maganar ta fi nauyi. Ƙarshen bazara shi ne farkon damina, kuma hadarin farko ba ya sallama. Da rana ruwa zai kwanta lumui kamar madubi. Can da yamma sai gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, sai kuma wata mai sanyi da ƙura ta taso. Iskar tana riga ruwan sama isowa, kuma a faɗin tafki babu bishiya ko gini da zai tare ta. Cikin 'yan mintuna igiyar ruwa za ta fara dukan jirgin da aka yi shi don ruwa mai kwanciya. Ga tsawa, kai kuma kai ne abu mafi tsawo a wurin, da sanda a hannu. Doka ɗaya ce: da ka ga gabas ta haɗa, ko ka ji rugugi ko da daga nesa, a naɗe zare. In mai jirgi ya ce a koma, kada ka ce, "Baba, bari mu ƙara jefa ɗaya."

Ba labarin nesa ba ne. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Mayun shekarar, wani jirgin ya nutse a yankin Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Waɗannan jiragen fasinja ne, amma abubuwan da aka yi ta ambata bayan haɗurran su ne dai ke kifar da ƙaramin kwale-kwale: lodi fiye da ƙima da rashin rigar ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta daɗe tana nanata cewa a sa rigar, kuma a daina tafiyar dare.

Wani zai ce shi ai ya iya ruwa. A ina ka iya? Iyo a rafin ƙauye da gajeren wando daban, faɗawa ruwa ba shiri da kaya a jiki, kilomita guda daga gaɓa, ga igiya tana marin fuska, ga ragowar tsohon taru yana naɗe ƙafa, shi ma daban. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Rigar ceto kuwa a jiki take aiki, ba a matsayin matashin zama ba, kuma a ɗaure igiyoyinta. In ku huɗu ne, ku haɗa kuɗi ku saya ko ku aro. In ba a samu ba, ku yi fatsarku daga gaɓa, karfasa tana nan ma. Idan kuma tsautsayi ya sa jirgi ya kife, kada ka kama iyo zuwa gaɓa, don kullum ta fi yadda ido ke gani nisa. Jirgin katako yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya. Ka riƙe shi, ka yi ihu, an fi saurin hango jirgi a kan hango kan mutum.

Sai dorina. Akwai ta a Dadin Kowa da yankin Yawuri, kuma tana kifar da jirgi, musamman mai ɗa. Ba a matsa mata don hoto. Game da hanya kuma, duk mun san halin da wasu yankunan ke ciki. Ka tambayi mutanen wurin kafin ka kama hanya, in an ce a dakata, a dakata.

Ruwa yana da masu shi

Kai hutu ka je yi, wani kuwa abincin 'ya'yansa ke nan. Kusan kowace mashaya tana da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta. Ka fara zuwa ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da mai jirgin da aka yarda da shi, ya gaya maka inda ba a zuwa. In ka ga gora ko jarka tana yawo a kan ruwa, alamar kalli ce ko mamari ko malin wani, a kauce mata. Kusa da bangon dam da inda ake sakin ruwa ma ba wurin su ba ne, ruwan wurin yana ja.

Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba, da abin fashewa, da lantarki. Duk wanda ya ce maka akwai wani magani da ake zubawa kifi ya taso, ka rabu da shi. Gubar tana kashe babba da ƙarami, kuma cikin mutane za ta ƙare. Su kansu ƙananan kifayen da ka kama, in ba su kai tafin hannu ba, ka jiƙa hannunka, ka zare ƙugiya a hankali, ka mayar. Karfasa mace a cikin bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya. In ka buɗe bakin ka ga ƙwai, ka san ba kifi ɗaya ne a hannunka ba, ɗaruruwa ne. Leda da guntun zare kuma a dawo da su gaɓa.

Bayan an dawo

A zafin nan kifi ba ya jira. Ka bar shi da rai a cikin ruwa a ɗan kwando ko buhun raga, ko ka fasa cikinsa ka cire hanji da wuri, ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. In akwai ƙanƙara, ya fi. In tafiyar da nisa, a ba matan bakin ruwa su yi maka banda.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa ba shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a gefen ruwa mai ciyawa, ta huda fata ta shiga jiki ba tare da ka ji ba. Ba sai ka sha ruwan ba, tsayawa a ciki ya isa. Don haka a rage wanka da tsalle-tsalle a gefen dam. In bayan makonni ka ga jini a fitsari, ko zazzaɓin da ba ka gane kansa ba, kada ka ji kunya, ka je asibitin makaranta ka ce ka shiga ruwan dam. Tana da magani, praziquantel, kuma yana aiki. Barinta ne ke lalata mafitsara.

Wanda kuma abin ya shiga ransa, ya sani cewa wannan fanni ne na karatu da sana'a. A Sabon Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin koyon aikin kifi. 'Yan sashen noma da ke neman wurin sanin makamar aiki su sa wannan a lissafi.

Ni dai bana ma zan koma, in Allah ya yarda. Na riga na sayi rigata, tana ƙarƙashin katifa a hostal, abokan ɗaki suna ta yi mini tsiya. Dattijon ya ce in zo da wuri kafin ruwan sama ya sauka, zai nuna mini wani gindin dutse da bai nuna mini bara ba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu a cike, ba wanda ya ragu.